Rahoton ayyukan ƙungiya na bana da bayanin ziyararmu Gidan Kanta

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Ga rahoton abin da munka gudanar a shekarar nan daga wajen sakatare. Lissafin kuɗi ba ya ciki, ma'aji zai karanto shi da bakinshi ranar taro.

Taron wata-wata mun riƙe shi, in ban da watan azumi da lokacin yankan shinkafa da kowa ya shige fadama. Gaisuwar ta'aziyya da gudummawar biki da suna duk an yi gwargwadon hali, Allah ya saka wa waɗanda sunka bada.

Babban aikinmu na bana dai shi ne zuwa Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda munka daɗe muna cewa za a je za a je. Daga Birnin Kebbi munka tashi da bas ta haya, tafiyar kusan awa ɗaya ce amma jiran masu makara ya cinye mana safiya, sun san kansu ba sai na kira suna ba.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, gidan nan tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, ana danganta gininshi da Sarki Yakubu Nabame wanda ya sake tsayar da mulkin Kabawa a Argungu a 1849. Nan sarakuna sunka zauna har 1942 da anka koma sabuwar fada, sannan a 1958 anka buɗe shi a matsayin gidan tarihi da sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515 bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya yi birninshi a Surame. Kangon Surame yana cikin jihar Sakkwato yanzu, da yawa daga cikin yaranmu ranar sunka fara jin haka.

Ɗaki-ɗaki mai yi mana bayani ya bi da mu, masu da takubba, baka da kibau, bindigogin gargajiya, layu na tsari, ga kuma tambura. Wlh sai ka tsaya kusa da mashi ka ga tsawonshi da yadda maƙeri ya fidda bakinshi sannan za ka yarda mutanen da ƙarfafa ne, wani dattijonmu ya daɗe gaban kibau yana nuna wa yara inda ake shafa dafi, har ya fi mai gidan zuba. Da munka iso wajen kaburburan sarakuna kowa ya nutsu munka yi musu addu'a. 'Yan Gwandu da Kabawan cikinmu kuwa tun cikin mota suke tsokanar juna kan wa ya kori wa, anka yi ta dariya, mai bayani ya ce ai maganar ta mutu tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu anka yi mashi su, wato kamun kifi, wanda shi ne tushen bikin kamun kifin da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Bayan azahar munka leƙa Matan Fada munka ga masunta da homa da gora.

Abin da bai yi mani daɗi ba, samarinmu hoto ya fi damunsu, ana bayani suna can suna gyara hula gaban waya, kuma ba wanda ya zo da littafi. A ganina ziyara irin wannan in ba a rubuta ba kuɗin mota kawai anka ƙona.

Don haka kwamiti ya yanke cewa baɗi kowace unguwa za ta kawo sunan dattijo ko tsohuwa da za a zauna da su a ɗauki muryarsu a waya, tarihin gida, sana'a, waƙoƙin daka, duk abin da sunka riƙe, a ajiye wajen sakatare. Ziyarar hubbaren Malam Abdullahi Fodiyo a Gwandu da ba ta samu ba bana saboda asusu ya yi ƙasa, ita ma an ɗaga ta zuwa bayan babbar sallah.

Masu bashin kuɗin wata don Allah a biya kafin taro, mota ba ta tashi da alkawari. Wanda ke da hotunan Argungu ya turo wa sakatare.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya