Sauron Denge A Randar Gidanmu Yake Ƙyanƙyashewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin lafiya, masu unguwanni da magidanta kan zazzaɓin denge, musamman kan kuskuren da ake yi wajen yaƙi da shi.

A ƙarshen shekarar 2023 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, wato NCDC, ta sanar da ɓullar cutar a jihar Sakkwato. Mutum 71 aka yi zargin sun kamu, gwaji ya tabbatar da 13, kuma mafi yawan waɗanda aka yi zargin daga ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu suke, wato tsakiyar birni. A wannan shekarar ce cutar ta kashe sama da mutum 700 a Burkina Faso, inda ta fi tsanani a Wagadugu da Bobo-Dioulasso, ta kuma ɓulla a garin Abeche na ƙasar Chadi. Duk waɗannan birane ne masu cunkoson gidaje, inda jama'a ke tara ruwa a gida saboda famfo ba abin dogaro ba ne.

Da an ce sauro, hankalinmu kan tafi ga kwata da kududdufi da gidan sauro, domin abin da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya koya mana ke nan. To, mai kawo denge wani iri ne daban. Aedes aegypti ake ce masa, ɗan baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu. Da rana yake cizo, an fi samunsa da hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba, lokacin da babu wanda ke cikin gidan sauro. Bai damu da ruwan kwata mai wari ba. Ruwan da ya kwanta a cikin mazubi yake nema: randa, tulu, durom, baho, tankin roba, jarkar da ba ta da murfi, kaskon shayar da kaji, tsohuwar taya, gwangwanin tumatir, har ledar ruwan sha da aka yar ta tari ruwan sama. Ba ya kuma yin nisa. Akasarinsu a tsakanin 'yan gidajen da suka ƙyanƙyashe suke ƙare rayuwarsu. Sauron da ya ciji yaronka, a gidanka ko gidan maƙwabcinka aka raine shi.

Tamatar ba a kan ruwa take zuba ƙwai ba. A jikin bangon mazubin take manna su, ɗan sama kaɗan da inda ruwan ya tsaya, baƙaƙe ƙanana kamar ƙurar gawayi. Ƙwan nan yana jure bushewa na watanni. Uwargida za ta juye ruwan randa ta ɗauraye, ta ɗauka ta tsabtace, alhali ƙwai na nan a maƙale. Mai ga-ruwa na zuba sabon ruwa ya rufe su, sai su ƙyanƙyashe. Haka tayar da ta yi rani a bayan gida take jiran ruwan farko. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 7 zuwa 10 ne a irin zafin garuruwanmu.

Wannan lissafin ne ya sa tsaftar ƙarshen wata ba za ta taɓa maganin denge ba. Tsakanin wata Asabar ɗin shara da ta gaba, sauro ya hayayyafa sau uku ko fiye, kuma aikin da ake yi ranar, wato yashe kwata da kwashe bola a titi, ba ya shiga inda yake. Aikin denge na mako-mako ne, kuma na cikin gida ne.

Ga yadda ya kamata a yi shi. A tsayar da rana guda a mako, a ce safiyar Juma'a. A ƙarar da ruwan kowane mazubi, abin da ya rage a ƙasa a zubar a busasshiyar ƙasa inda rana za ta kashe tsutsotsin. Sai a sa soso ko buroshi mai tauri da sabulu a goge bangon ciki sosai, musamman zoben nan da ruwa ke bari a sama, a ɗauraye kafin a sake cikawa. Murfi kuwa dole ya zauna daram. Faifai ko farantin da ake kifawa a bakin randa yana barin kafar da ta ishi sauro shiga. Abin da ya fi shi ne tsumma mai tsabta ko yankin tsohon gidan sauro, a ɗaure shi da robar tayar keke, sannan a ɗora murfin a kai. Tankin sama ma a duba shi, domin sau da yawa murfin ya tsage ko iska ta ɗauke shi, kuma bututun da ruwa ke fita idan tankin ya cika yana buƙatar a ɗaure masa raga. Ruwan kaji da na tantabaru a sauya shi duk kwana biyu, a goge kaskon. Tsohuwar taya a huda ta, ko a cika ta da yashi, ko a ajiye ta ƙarƙashin rumfa.

Wanda ke son ya tabbatar, ya haska tocila cikin durom ɗinsa. Idan ya ga 'yan tsutsotsi suna lilo da kai ƙasa, suna mutsu-mutsu suna nutsewa da zarar haske ya taɓa su, ya san abin da yake kiwo.

Akwai wuraren da ba na magidanci ɗaya ba ne, kuma nan ne aikin mai unguwa. Kangon da aka fara gini aka bari, da tafkin siminti na ruwan bulo. Rumfar mai faci, da tulin tayoyinsa da bahon gwada tiyub da ba a sauya wa ruwa. Durom ɗin alwala a masallaci da makarantar Islamiyya, inda yara ke zaune daidai lokacin da sauron ke cizo. Gida goma za su yi ƙoƙarinsu, kango ɗaya ya ɓata musu aiki.

Ina kira ga ƙananan hukumomi su dawo da duba-gari bakin aikinsu na asali, tare da mata ma'aikatan lafiya da za su iya shiga cikin gida. A zaɓi gida 100 a unguwa, a ƙirga mazubai nawa ke da tsutsa, a rubuta, a dawo bayan mako biyu a sake ƙirgawa. Da haka za a san unguwar da ke cikin haɗari tun kafin asibiti ya cika. Manyan tankunan da ba a iya juyewa, ma'aikata na iya zuba musu maganin tsutsa na temefos mai kama da yashi, giram 1 a lita 10 na ruwa, amma wannan aikin wanda aka horar ne. Feshin hayaƙi da mota ke yi a titi yana burge ido, sai dai manyan sauro kawai yake kashewa, bai taɓa ƙwai da tsutsa ba. Shi kuma sauron yana ƙarƙashin gado da bayan tufafin da aka rataye, inda hayaƙin ba ya kaiwa idan ƙofofi na rufe. Hukumomin ruwan sha ma su sani suna da hannu a ciki, domin unguwar da ruwa ke zuwa sau ɗaya a mako dole ta tara durom.

Idan kuma zazzaɓin ya riga ya shigo gida, wato zafin jiki mai tsanani, ciwon kai da na bayan ido, ciwon gaɓoɓi kamar ƙashi zai karye, aka gwada maleriya ba a samu ba, a nemi gwajin denge. A sha farasitamol da ruwa da yawa. A guji asfirin, ibuprofen, diclofenac da hodar ciwon jiki mai asfirin da ake saye a kemis, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Lokacin da ya fi haɗari shi ne kwana ɗaya zuwa biyu bayan zafin jikin ya sauka. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, ko mutuwar jiki, a garzaya asibiti nan take. Denge iri huɗu ne, kuma wanda ya taɓa kamuwa da ɗaya ya fi shiga haɗari idan wani irin ya kama shi.

Majinyaci ya kwana ya kuma yini cikin gidan sauro tsawon makon farko. Duk sauron da ya cije shi a waɗannan kwanaki, bayan kwana 8 zuwa 12 zai iya harbin sauran mutanen gidan har iyakar rayuwarsa. A ranar da aka tabbatar da cutar a wani gida, a ranar ya kamata mai unguwa ya sa a bi gidajen da ke kewaye da shi, randa bayan randa.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiyar muhalli,
Sakkwato.