Ba kowane jan mai ne man sitiyari ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu tsofaffin motoci, da kanikawa, da masu sayar da kayan gyara. Ni direban haya ne, Golf 3 nake ja tsakanin Gombe da Bajoga, kuma yadda ake wasa da man sitiyari a garejojinmu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yau ka shiga shago ka ce a ba ka man pawa, wato man sitiyari, ba mai tambayarka wace mota ce. Jan mai za a miƙo maka, wato man giyar otomatik, a ce ai duk ɗaya ne. Wani ma a robar ruwan sha zai tsiyayo maka, ba suna ba lamba. Wallahi ba ɗaya ba ne.

Gaskiya akwai motocin da jan man shi ne nasu. Tsofaffin Toyota irin su Carina E da Corolla da Camry, kamfanin da kansa ya ce a zuba musu ATF Dexron II ko III, kuma sau da yawa yana nan rubuce a kan murfin tankin man, sai dai ƙura da maiƙo sun rufe shi. Amma Honda, ko Halla ce ko Civic, tana da nata man daban, jan mai yana ɓata mata robobin famfon sitiyari da na rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba. Golf 3 kuwa, da Passat da Audi na zamaninta, kore ne mansu, ba shi da kauri, lambarsa G 002 000.

Ga inda gizo ke saƙar. Motocin nan sun tsufa, Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, kuma sunayen man da ke cikin littafinsu sun ɓace daga kasuwa. General Motors, masu sunan Dexron, sun daina ba da lasisin Dexron III a 2006, suka koma Dexron VI wanda ya fi shi tsinkewa. Volkswagen su ma sun maye gurbin G 002 000 da G 004 000. Sai mutum ya zo da tsohuwar lamba, mai shago ya ce an daina yi, ya tura masa abin da ke kan kanta. Alhali kowanne yana da magaji. Mai Golf ya nemi G 004 000, ko gwangwanin da aka rubuta CHF 202 ko CHF 11S a jikinsa. Mai Toyota ya duba bayan galan ya ga an ce ya dace da Dexron III, don har gobe kamfanoni da dama na yin sa. Mai Honda kada ya karɓa sai ya ga sunan Honda a jikin robar. Launi kaɗai ba shaida ba ne, rubutun za a karanta.

Na san abin da wasu za su ce: shekara nawa muna zuba ja a Golf tana tafiya? Tana tafiya, don ba a rana ɗaya yake kashe famfo ba. Da kuka ake farawa, musamman da sassafe lokacin hunturu, sitiyari ya yi nauyi, daga baya ka soma ganin ɗigo a inda ta kwana.

Mafi muni shi ne man birki. Wani abokin aikina a tasha, man sitiyarinsa ya yi ƙasa, yaron gareji ya cika masa da man birki. Da muka buɗe murfin bayan 'yan kwanaki, man ya yi kumfa ya dagule kamar kunun kanwa, robobi sun kumbura, rak yana zuba ta gefe biyu. Dole ya sayi famfo da rak na Beljiyam, mota ta yi zaman gareji, iyali na jiran cefane. Abin ya tsaya mini a rai, domin bawan Allah nan bashi ya ci ya yi gyaran.

Wanda aka riga aka gauraya masa, ƙari ba zai yi magani ba. A zuƙe tsohon man duka, a toshe inda ke yoyo, a zuba wanda ya dace, a ɗaga gaban mota da jak, a yi ta juya sitiyari hagu da dama har iska ta fita. Kuma a daina danne shi a ƙarshen juyi ana jin famfo na ihu.

Koren man yana da tsada, kuma a nan Gombe sai an sha yawo, ni kaina daga Ƙofar Ruwa a Kano nake sa a taho mini da shi. Don haka ina kira ga masu shaguna su riƙa sarowa, ga Golf nan cike da tashoshinmu. Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma, don Allah ku rubuta takarda guda da Hausa, kowace mota da man da take sha, a manna a kowane gareji inda yaran da ke koyon aiki za su gani. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ita ma ta leƙo ta duba wannan man da ake sayarwa a robar ruwa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani direban haya,
Unguwar Bolari, Gombe