Masu gudun dogon zango, ku kula da bugun zuciyarku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna son jan hankalin masu gudun famfalaki da tseren keke, musamman maza da suka haura shekara 40, kan rikicewar bugun zuciya. Shekaru na atisaye mai tsanani kan faɗaɗa ɗakunan sama na zuciya har su bar tabo, sai bugun ya daina bin ƙa'ida.

Gwajin farko a gida ake yinsa. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 60. Bugu 45 ko 50 a wajen ɗan wasa ba abin tsoro ba ne; abin dubawa shi ne bugun da ke tsalle ba tsari. Sai a je asibiti a yi gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura. Da yake matsalar kan zo ta tafi, sau da yawa sai an ɗaura wa mutum na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya na awa 24, a kuma duba maƙoƙo da sinadarin fotasiyam a jini.

Babban haɗarin shi ne gudan jini ya taru a zuciya, ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Asfirin ba ya wadatarwa wajen hana wannan. Wanda likita ya ɗora kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ana son INR ɗinsa, wato awon saurin daskarewar jini, tsakanin 2 da 3, kuma faɗuwa daga keke na iya jawo masa zubar jini.

Idan an gano matsalar, a rage atisayen na kimanin wata biyu, ba a daina gaba ɗaya ba. Ciwon ƙirji ko suma kuwa, asibiti nan take.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya.