Wasiƙa kan tsofaffin hotunan yaran Tarayyar Sobiyat

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka nemi in nuna maka yadda ake tantance hotunan asibitocin yara na Sobiyat da kake tarawa, to ga shi.

Fara da kyamarar. Fotokor da aka soma ƙerawa a Leningrad a 1930 farantin gilashi take ci, santimita 9 da 12, kowane hoto da farantinsa. A ɗaki sai an kafa ta kan ƙafafu uku, in haske bai isa ba a kunna garin magnesiyam, ya yi walƙiya, ya bar hayaƙi, jarirai su ɓarke da kuka. Don haka in ka ga yara jere reras, babu hannun da ya yi dishi-dishi, tsara su aka yi. Dubi sikelin awon jaririn ma, sau da yawa za ka tarar an jawo shi gindin taga. Hoton ba-zata sai ƙaramar kyamara mai fim na milimita 35, wato Leica, ko kwaikwayonta FED da aka fara yi a Kharkiv ta Yukren a 1934. Abin mamaki, yara marasa galihu na wani gidan horo ne suke harhaɗa ta.

Amma kada ka ce duka shiri ne. Hoton nan na yara daga su sai kamfai, da baƙin tabarau, sun kewaye fitila mai haske irin na rana (ultraviolet), magani ne na gaske. Rana ba ta isa a hunturunsu, fata ba ta haɗa bitamin D, ƙashi ya yi laushi, ƙafa ta gwame ko ta lanƙwashe kamar baka. Ana farawa da ɗan taƙaitaccen lokaci, gaba sannan baya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. In an zarce fata ta ƙone, in an cire tabarau ido ya yi jawur. Ma'aikatar lafiya da Nikolai Semashko ya jagoranta daga 1918 ta buɗe gidajen reno da wuraren dafa madarar jarirai, wannan ba ƙarya ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda aka zaɓa a ɗauka. A 1931 masu ɗaukar hoto Alpert da Shaikhet da Tules sun ɗauki hotunan yini guda na iyalin wani ma'aikaci, Filippov, a Mosko, mujallar AIZ ta Jamus ta buga. Iyalin na gaske ne, amma sabon gida gare su, alhali yawancin ma'aikata a cunkushe suke, burodi kuma sai da katin rabon abinci. Bayan shekara biyu Alexander Wienerberger, injiniya ɗan Ostiriya, ya ɗauki hotunan gawarwakin waɗanda yunwa ta kashe a titunan Kharkiv a ɓoye.

Nan ma ka yi hattara: hotunan yara masu kumburin ciki da yawa da ake liƙa wa wannan yunwar ta 1933, na yunwar yankin Volga ta 1921 zuwa 1922 ne. Juya bayan kowace takarda ka nemi hatimi da kwanan wata kafin ka yarda da rubutun da ke ƙasanta.

A gaishe min da mutanen gida. Sai na ji daga gare ka.

Naka amini.