Ɗana, kafin ka nemi tiransifa zuwa ABU

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya karatu? Mahaifiyarka ta faɗa mini kana son barin jami'arku ka dawo Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da zarar ka gama aji ɗaya. Ban hana ka ba, amma ka karanta wannan a natse tukuna.

Jami'a ba shekarun da ka yi take ƙirgawa ba, kwasa-kwasan da ka ci take dubawa. Kowane kwas da nauyinsa na kiredit, kiredit ɗaya kuwa shi ne lacca ta awa ɗaya a mako har zango ya ƙare, wajen mako 15. A ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'in ƙasa, digirin shekara huɗu ba ya gaza kiredit 120, kuma ɗalibi yana ɗaukar 15 zuwa 24 a zango. Idan takardunka suka iso sashen da kake nema, za a jera kwasa-kwasanka gefe da nasu na aji ɗaya. Wanda ya dace da nasu a abin da aka koyar da kuma nauyi sai a yafe maka. Wanda bai dace ba sai ka sake shi, ko da A ka samu. Sunan kwas ba hujja ba ne: kwas biyu za su iya yin suna ɗaya, naku kiredit biyu, nasu uku da aikin ɗakin gwaji a ciki. Saboda haka ka karɓi kundin sashenku mai bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, a buga masa hatimi, ka haɗa da takardar nemanka. Sabon manhajin NUC, wato CCMAS, ya sa kashi 70 na darussa sun zama bai ɗaya a ko'ina, wannan zai taimake ka, amma a kashi 30 da aka bar wa kowace jami'a ne giɓi yake fitowa.

Illar giɓin ita ce a sa ka aji biyu da bashin kwasa-kwasan aji ɗaya a kanka. Tunda ba za ka wuce 24 ba, dole ka ajiye wasu na aji biyu. Wani kwas kuma ba a yarda ka ɗauka sai ka ci na gabansa. Haka yaro yake ƙara shekara guda bai faɗi komai ba. Ka zauna da jami'in jarrabawa na sashen, ku lissafa bashin da alƙalami tun kafin ka yanke shawara. Ka kuma tambaye shi ko makinka na baya zai shiga CGPA ɗinka, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasanka, ko yafe kwas kawai za a yi a fara lissafi sabo. Jami'o'i sun bambanta a nan, kuma a kan haka ne za a san ko za ka kai 3.50 na digiri mai daraja ta biyu ta sama ko 4.50 na mai daraja ta ɗaya a ƙarshe.

Tiranskirif, wato takardar sakamakon duk kwasa-kwasan da ka yi, ba a riƙo shi a hannu. Ofishin magatakardan jami'arku ne zai aika wa na ABU kai tsaye, kuma ba za su saki ba muddin ana bin ka kuɗin makaranta ko littafin laburare. Ka biya da wuri, ka adana rasit, ka riƙa leƙa ofishin, don takarda tana iya yin watanni a kan tebur. Za a kuma nemi shaidar cewa ba korar ka aka yi ba, kuma babu tuhumar satar jarrabawa a kanka. Sakamakonka na WAEC ko NECO ma za a sake dubawa: cin darasi biyar da makin kiredit har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba, da darussan da sabon sashen yake buƙata.

Gurbi shi ne babbar matsala. Karatun lauya a harabar Kongo da likitanci suna da adadin da hukumomin sana'ar suka ƙayyade, maki mai kyau ba ya buɗe kujerar da babu. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka ci gaba da rajista da shiga aji a inda kake har sai takardar amincewa ta fito a rubuce. "Na yi maka magana" ba gurbi ba ne, ko daga bakin wa ta fito. Bayan ta fito, ka tabbata an gyara bayananka a JAMB sun koma ABU da sabon kwas, domin da jerin JAMB ake tantance masu tafiya bautar ƙasa. Wanda ya yi sakaci da wannan sai ya gama digiri sannan ya ga sunansa bai fito ba.

Kada kuma ka ja lokaci. Jami'o'i ba sa ba da digirinsu ga wanda bai zauna da su aƙalla shekara biyu ba, don haka mai aji na ƙarshe ba ya samun tiransifa.

Ƙanwarka mai NCE tata hanyar daban ce, ka faɗa mata kada ta bi taka. Fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga kai tsaye ba tare da yin aji ɗaya ba, za ta cika, kamar masu difloma ta ND daga Kwalejin Nuhu Bamalli da masu IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a, su shiga aji biyu da kiredit 90 aƙalla a gabansu. JAMB tana tantance takardun daga makarantar da ta bayar, don haka ta je ta tabbata an tura sakamakonta, kuma sunanta iri ɗaya ne a NIN da WAEC da NCE. Harafi ɗaya ya isa ya riƙe ta.

Ka turo mini sakamakon zango na farko da kundin sashenku ta WhatsApp kafin hutu, mu duba tare. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.