Anti, uwar mijina ta ce iska ce ke damuna

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana, a ce wata baiwar Allah daga Kaduna.

Ina cikin tashin hankali kan abin da Hajiyar maigidana ta yi min shekaranjiya a gaban baƙi. Amma bari na faro daga baya, kada ki ɗauka ni ce marar kunya, don duk unguwarmu an shaide ni, ban taɓa ɗaga ido na kalli matar nan ba.

Tun a makarantar kwana na fara gudun abinci. Ni ce mai jiki a ajinmu, kullum tsokana. Daga rage loma na koma shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram. Al'adata ta ɗauke, gashina ya riƙa zuba, ina rawar sanyi ko a watan Afrilu da kowa ke neman inuwa. Bayan aure na yanke jiki na faɗi a kicin, aka kai ni asibiti, daga nan aka tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, ta ce cutar ƙin cin abinci ce, anoreksiya. Ba hauka ba ne, Anti, ina so ki faɗi wannan da kyau a shirinki, don ana saurarensa a gidan nan.

Likitar ta ce wanda ya daɗe yana danne yunwa, jikinsa yakan daina ba shi labari daidai. Haka nake. Ba na jin yunwa sam, kuma loma kaɗan sai na ji cikina ya ɗaure tam, wai don hanjina ya saba aiki a hankali, abinci na daɗewa bai sauka ba. Shi ya sa ta ce na bi agogo: abinci sau 3 a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada na wuce awa 3 zuwa 4 ban sa komai a baki ba. Da farko ma ta hana a ɗura min da yawa lokaci guda, ta ce wani gishiri na jini, fosfet, yana iya faɗuwa ya taɓa zuciya.

Sai aka koya min dabarun kwantar da jiki. Kafin ci, na zauna a tabarma, na ji tafin ƙafata a ƙasa, na ja numfashi ta hanci na sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Na ɗora hannu a ciki na tambayi kaina: wannan ƙoshi ne ko tsoro? Yawanci tsoro ne. Bayan na ci, lokacin da zuciyata ke bugawa fat-fat ina jin kamar na tashi na fitar da abincin, sai na tsoma hannuwana a ruwan randa, ko na lulluɓa da bargo mai nauyi, na ambaci abu 5 da nake gani da 4 da nake taɓawa, har abin ya lafa. Na daina ɗaura zani a ƙugu, doguwar riga nake sawa, don matsi a ciki yana tayar min da hankali. Wallahi na fara ganin sauƙi. Akwai safiyar da cikina ya yi ƙugi, na gane yunwa ce, har hawaye na yi.

To sai Hajiya ta zo ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Da ma can ba ta so aurena ba, 'yar ƙanwarta ta so. Tana ganina da hannu cikin ruwa ido a rufe ta ce wannan iska ce. Ta kawo malami ya yi ruƙiyya, ban hana ba, wa ke ƙin addu'a? Ta sayo min ƙwayoyin sha-ka-fashe a leda, ba ko takarda, na ɓoye su a ƙasan akwati, ta ce na raina ta. Bargon ma ta ɗauke, wai wace mai hankali ce za ta lulluɓa da rana tsaka.

Shekaranjiya ƙawayenta suka zo duba ta. Ta cika kwano da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, alhali ta san yauƙi ne abin da bakina bai karɓa ba har yanzu, ta dire min a tsakiyarsu, rediyo na ihu, turaren wuta ya cika ɗaki. Ta ce, "Cinye shi tas ina kallo. Ɗana bai auro tsinke ba, shi ya sa har yau shiru ba haihuwa." Na cinye, Anti. Aman da ya biyo baya a banɗaki ba ni na jawo shi ba, na daɗe rabona da shi. Tun daga nan ruwan shayi kawai ke shiga cikina, yau da safe ma jiri ya ɗebe ni a wurin alwala.

Maigidan ba abin da ya ce sai "ki yi haƙuri, uwa ce." Shi da likita ta ce ya riƙa zama da ni rabin awa bayan cin abinci, yanzu a falon Hajiya yake ci.

Shin na ci gaba da dabarun a ɓoye, ko na bari sai ta tafi? Ranar komawata asibiti ma ta wuce, da wa zan bar baƙuwa? Ga azumi na ƙaratowa, likita ta ce bana kada na yi, na san kuma Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, amma idan Hajiya ta gan ni da kofi da rana, kashina ya bushe a dangi. Ko na tafi gidanmu na huta? Sai dai su Umma ba su san da ciwon ba, taifod muka ce musu. In na tafi ba da izininsa ba, yaji na yi ke nan ko jinya?