A daina cire tamostat da sunan maganin zafin inji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana direbobi da makanikanmu, tun da ga bazara ta kunno kai. Duk wanda ke bin hanya ya sani, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun nemi inuwa ba.

Ni direban haya ne, kuma tsohuwar Golf 3 nake ja tsakanin Kano da Katsina. Ranar da aka kawo ta daga Kwatano, aikin farko da aka yi mata a gareji shi ne cire tamostat, wato ɗan abin da ke buɗewa da rufe hanyar ruwan sanyaya inji, aka kuma haɗa fanka kai tsaye, da ka murza makulli ta hau juyawa. Bakaniken ya ce min wannan abu na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ya mana amfani. Na yarda, don kowa haka yake yi.

Wata rana cikin Afrilu, mun wuce Bichi kaɗan, sai na ga allurar zafin inji ta doshi ja. Na gangara gefe na kashe. Kafin in zagayo, yarona ya riga ya kai hannu kan murfin ruwa. Ƙara kawai na ji. Tafasasshen ruwa ya feso masa daga wuyan hannu har gwiwar hannu, fatar ta saluɓe a gabana. Yau shekara uku ke nan, tabon yana nan, kuma duk sanda ya naɗe hannun riga zai yi alwala sai gabana ya faɗi. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Da aka bincika, sai ga shi robar murfin ce ta tsage. Mutane suna raina murfin nan, alhali shi ke riƙe da matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfi mai lafiya sai ya kai wajen 120. In robar ta mutu, ruwan zai riƙa guduwa a matsayin tururi, kullum kana ƙarawa, kullum yana raguwa, ka duba ƙasan mota ba ka ga ɗigo ba. Wata biyu na yi ina ƙara ruwan leda kowace safiya ban tambayi inda na jiya ya tafi ba. Kuma matsin nan ne dalilin da ya sa buɗe murfi da zafi yake da haɗari: da ka sassauta shi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 sai ya tafasa nan take ya yi tsalle.

Cire tamostat bai hana motata yin zafi ba, domin tun asali ba shi ne mai laifi ba. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 da wani abu, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. An ƙera inji ya yi aiki a kusan digiri 90. In babu tamostat, da safe injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da zuba masa fetur kamar yanzu aka tayar da shi, baƙin mai ya yi saurin lalacewa, ƙarafa su ci juna. Da tsadar fetur ɗin nan, wannan asara ce ta kullum. A wasu injina ma, tamostat ɗin ne ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In ka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa a cikin inji bai je lagireto ya huce ba. Idan tamostat ya mutu a rufe, lallai mota za ta yi zafi, amma maganinsa sabo. Gwada shi ba wuya: jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, ya mutu.

Abu na biyu da ke kashe mana injina shi ne ruwan rijiya da na kwatami. Na ga an fasa tsohon lagireto a gabana, rabin bututunsa sun toshe da tsatsa da farin gishiri, kamar cikin tsohuwar butar shayi. Ruwan kulan, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa, yana kare famfon ruwa. Sai dai guba ne, ga shi da zaƙi, don haka a nesanta shi da yara da dabbobi.

Hita kuwa, yawancinmu sai sanyin hunturu ko tafiyar Jos muke tunawa da ita. Ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, ruwan inji ke bi ta cikinsa. In inji ya yi zafi amma hita na busa sanyi, sau da yawa ruwa ne ya yi ƙasa ko iska ta shiga. In kafet ɗin gaba ya jiƙe, gilashi na yin hazo ta ciki, ga wani ƙamshi mai zaƙi, to ita ce ke yoyo. Kuma hita mai lafiya tana ceto: in allura ta fara hawa a cunkoso ko a kan tudu irin Hawan Kibo, kashe na'urar sanyi ka ƙure hita, za ta janye wani zafin har ka sami wurin tsayawa.

Wanda ya ga farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko ruwa na kumfa inji na aiki, to akwai alamar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar jikin inji, ya ƙone, kada ya ƙara tuƙi. Kan silinda na irin motocin nan na alminiyon ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi.

Ba raina makanikanmu nake yi ba. Da hannunsu tsofaffin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna suka yi shekara da shekaru a kan hanya. Roƙona gare su, kafin su taɓa tamostat su duba murfi da tiyo da fanbel da fanka da famfon ruwa. Kai kuma Edita, don Allah ka tura wakilinka gareji ya zauna da ƙwararrun makanikai a fayyace wannan magana kafin tsakiyar bazara. Shugabannin tashoshi su ma su ja kunnen yaran mota: kada kowa ya taɓa murfin ruwa sai injin ya huce har ana iya dafa babban tiyo da hannu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Direban haya, daga Kano